Kejin da Babu Kowa a Ciki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gidan Zu Mai Fatalwa

Tun da na fara ba da labaran wani gidan namun daji da ke tsakiyar birni, wanda ma'aikatansa ba sa yarda dare ya same su a ɓangaren baya, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke ta dawo mini. Wasu na amsa su har bakina ya gaji. Shi ya sa na tara su wuri guda, wanda ya zo daga baya ya tarar.

Wannan gidan zun da gaske akwai shi?

Babu shi. Ni na ƙirƙire shi, kuma da gangan na bar shi babu suna, birnin ma haka. Kada wani ya wahalar da kansa yana neman sa a taswira. Amma in ka ce duk abin da ke cikinsa ƙanzon kurege ne, nan kuma ka yi kuskure. Ginin nawa ne, tubalan kuwa tsinto su na yi ɗaya bayan ɗaya daga tarihin gidajen zu na gaske da kuma halayen dabbobi. Sau da yawa abin da na tsinto ya fi abin da zan iya ƙagowa tayar da tsigar jiki.

Ga wanda bai taɓa jin labarin ba, me ke faruwa a can?

Gidan tsoho ne. Da aka gina shi yana bayan gari, sai birni ya yi ta cin ƙasa har ya zagaye shi, yanzu benaye ne ke leƙen katangarsa. Da rana ba shi da bambanci da kowane gidan zu: yara na ihu, biri na miƙa hannu, zaki na barci ko a jikinsa.

Abubuwa uku ne ma'aikata suka sani kuma ba sa faɗa wa sabon zuwa sai ya gani da idonsa. Na farko, ƙidayar safe. Kowace safiya ana zagayawa a ƙirga dabbobi a rubuta a rajista, kuma kowace safiya jimlar tana fin abin da ke takarda da ɗaya. A sake ƙirgawa keji bayan keji, kowanne daidai yake, amma in an haɗa sai ɗayan nan ya dawo. Na biyu, shirun tsakar dare: akwai wani ɗan lokaci da komai ke yin tsit a tare, har kwaɗin cikin tafki. Na uku shi ne kejin ƙarshe a tsohon layi. Wanda ya zauna a cikinsa na ƙarshe ya mutu tun kafin a haifi ma'aikacin da ya fi kowa daɗewa, amma har yau ana fitar da rabon abincinsa daga sito, da safe kuma a tarar da kwano a wanke tas. A ƙasan kejin akwai wata hanya da ƙafa ta sassaƙe, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ciyawa ba ta taɓa rufe ta ba.

Me ya sa gidan zu, ba tsohon gida ko kangon asibiti ba?

Saboda a gidan zu kai ne mai kallo, sai dare ya yi abin ya juye. Yawancin mazauna gidan sun fi ka gani a duhu, sun fi ka ji, sun fi ka jin wari. Ka haska tocila sai ka ga idanu sun kunnu a ko'ina. Wannan ba sihiri ba ne: a bayan idon zaki da damisa da kada akwai wani ɗan shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, shi ke taimaka musu gani da dare, mu kuwa ba mu da shi. Na kada ja yake bayarwa. Sanin dalilin bai taɓa hana gaban mai gadi faɗuwa ba.

Sannan tsohon gida kana iya cewa babu kowa a ciki, duk motsin da ka ji abin tuhuma ne. A gidan zu kuwa kowane motsi yana da uzuri. Abin da yake son ɓuya, ina ya fi masa nan?

Cewa an gina shi a kan maƙabarta, wannan ai ka zuzuta.

Nan ne ma ban ƙara komai ba. Je ka duba tarihin gidan zu na Lincoln Park a birnin Shikago na Amurka. Filin da wurin shaƙatawar yake a kai, maƙabartar birnin ce daga shekarun 1840 zuwa na 1860. Da aka ga gari ya matso, ga kuma fargabar gurɓata ruwan sha, sai aka fara kwashe gawawwaki zuwa wasu maƙabartu. Gidan zun ya fara ne a 1868 da kyautar wasu manyan agwagin ruwa masu dogon wuya daga Niyu Yok. Ana cikin kwasar sai babbar gobarar Shikago ta 1871 ta cinye alamomin katako na kaburbura da yawa, aka rasa wa ke kwance a ina.

Wata mai bincike, Pamela Bannos, da ta bi diddigin takardun birnin, ta ƙiyasta cewa gawawwakin da suka rage a ƙarƙashin filin za su iya kai 12,000. A 1962, ana haƙa harsashin wani ɗakin dabbobi a cikin gidan zun, ma'aikata suka ci karo da ƙwarangwal. Har gobe kuma akwai ginannen kabarin iyalan Couch na dutse yana tsaye a wurin shaƙatawar, mutane na wucewa ta gefensa da kekuna. To ka ga wanda yake son rubuta labarin ban tsoro ba shi da wani aiki da ya wuce ya cire sunan garin.

Kukan da masu gadi ke ji da dare fa, na mene ne?

Wanda ya san gidan zu da rana kawai bai san muryarsa ba. Zaki ya fi yin ruri bayan faɗuwar rana da kuma gab da asuba, kuma a fili ana iya jin sa daga nisan kilomita 8. A cikin birni sautin yana dukan bango ya dawo, sai ka rantse daga bayanka yake. Dariyar kura da ake ta faɗa ba dariya ba ce, ƙarar da take yi ce in ta shiga damuwa ko ana hamayya a kan nama, amma kunnen mutum ba ya fassara ta da komai sai dariya. Ɗawisu, da duk kyansa, kukansa da dare kamar mace ce ke neman agaji. Farar mujiya ba ta yin irin kukan da aka san mujiya da shi, wata irin ƙara take ja mai kama da yagewar ƙyalle.

Wanda ya fi burge ni shi ne na raƙumin dawa. An daɗe ana ɗaukar sa a matsayin dabbar da kusan ba ta da murya. A 2015 wasu masana daga Jami'ar Biyana suka fitar da sakamakon naɗar sauti na sa'o'i sama da 900 da suka yi a gidajen zu uku na Turai, suka gano cewa da dare raƙuman dawa suna wani irin gunji ƙasa-ƙasa, mai tsawo, kamar mutum yana rera waƙa bakinsa a rufe. Masu kula da su da kansu ba su san da shi ba. Ka ɗauka kai ne mai gadin da ya fara jin wannan, kana tsaye kusa da ɗakin dabbar da kowa ya ce maka ba ta magana.

A labarin, duk wanda ya wuce ɗakin giwaye sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi. Daga ina ka samo wannan?

Daga wata masaniya mai suna Katy Payne. A 1984 tana tsaye kusa da giwaye a gidan zu na Portland a Amurka, sai ta ji iska tana wani bugawa a jikinta, ba a kunnenta ba, irin wanda ta taɓa ji tana yarinya kusa da manyan bututun kayan kiɗan coci. Ta dawo da na'urar naɗar sauti, da aka ƙara wa faifan gudu sai ga muryoyi sun fito fili. Ashe giwaye hira suke yi da sautin da ya yi ƙasa da abin da muke iya ji. Kunnen ɗan adam yana kama sauti ne in iska na kaɗawa tsakanin sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. Abin da ya gaza haka kunne ba ya kamawa sosai, amma in yana da ƙarfi jiki yana sanin da shi.

Akwai kuma labarin wani injiniya ɗan Ingila, Vic Tandy, wanda ya wallafa a 1998. Ɗakin aikinsu ya yi ƙaurin suna da fatalwa. Wani dare shi kansa ya ji zufa mai sanyi, ya ga wani abu toka-toka a gefen idonsa, da ya juya babu komai. Washegari ya ɗaure takobinsa na wasa a kan teburin aiki don ya gyara, sai ya ga tsinin yana rawa shi kaɗai. Da ya bi sawu ya tarar wata sabuwar fanka ce mai zuƙe iska take fitar da sautin da ke kaɗawa kusan sau 19 a daƙiƙa. Aka gyara fankar, fatalwa ta yi ƙaura. Ba duk masana ne suka gamsu cewa irin wannan sauti yana sa mutum ganin abubuwa ba, ni ma ban ce ya warware komai ba. Amma ga mai labari ya isa: akwai maganar da ake yi a gabanka, ba ka jin ta, jikinka ne kaɗai ke amsawa.

Muryar da ke kiran mutum da sunansa, da kukan jariri a bayan kejin tsuntsaye?

Aku kowa ya san shi, ba sai na tsaya a kansa ba. A Ostireliya akwai wani tsuntsu mai doguwar jela da ya fi aku iya kwaikwayo nesa ba kusa ba. A 2021 aka naɗi wani a gidan zu na Taronga da ke Sidni yana kukan jariri, har da shiɗewar da jariri ke yi in kuka ya ci ƙarfinsa. A Koriya ta Kudu kuma akwai wani toron giwa mai suna Koshik da ke cusa dogon hancinsa cikin baki ya fitar da kalmomi biyar na yaren Koriya, da irin muryar mai kula da shi. Masana sun tabbatar da haka a 2012, suka kuma danganta shi da shekarun da ya yi shi kaɗai babu wata giwa, sai mutane.

A nawa gidan zun, tsohon ma'aikacin yana gaya wa sababbi cewa in suka ji an kira su da dare kada su amsa sai sun ga mai kiran. Wani ya tambaye shi ko aku ne. Ya ce wataƙila, sai dai akun ya mutu bara.

Ƙofofin da ake tararwa a buɗe alhali an kulle su?

A 1968, a gidan zu na Omaha a Amurka, an yi ta tarar da birran orangutan a waje a kan bishiya bayan an kulle su. Shugaban masu kula da dabbobi ya ɗauka sakacin ma'aikata ne, har ya fara maganar kora. Daga baya aka kama mai laifin: babban namijin cikinsu ne ke sauka ta wani lungu ya buɗe ƙofa da guntuwar waya, in ya gama kuma ya ɓoye wayar tsakanin leɓensa da dasashi, ya yi ta yawo da ita ba wanda ya sani. A Suwidin ma, wani birin cimfanzi mai suna Santino yakan tashi da sassafe kafin a buɗe ƙofa, cikin natsuwa ya tattara duwatsu ya jibge, sai baƙi sun taru ya fara jifa. Wato yana shirya wa fushin da bai riga ya yi ba. Biri ya yi kama da mutum, in ji masu magana, kuma ban san wurin da maganar ta fi zama daidai ba.

Ƙidayar da ke ƙaruwa da ɗaya, ita ma tana da tushe?

Ƙidaya aiki ne na gaske, kuma ba wasa ba ne. Gidan zu na Landan, wanda aka buɗe a 1828, yana ƙirga duk abin da ke cikinsa a farkon kowace shekara, daga damisa har dodon koɗi. Kuma yakan faru a gidajen zu lissafi ya zo da abin da ba a zata ba. A 2006, a gidan zu na Chester a Ingila, wata guzar Komodo mai suna Flora, wadda ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, ta yi ƙwai masu rai, aka ƙyanƙyashe su a farkon 2007, dukkansu maza. Halitta ce da wasu jinsunan ƙadangaru da macizai ke da ita, amma ka tsaya a matsayin wanda ya fara leƙa ɗakin.

Wani lokaci kuma baƙon daga waje yake. A 2016 aka tarar da gawar wata dabbar kowala a gidan zu na Los Anjalas, nesa da kejinta. Kyamarori suka nuna wani zakin dutse na daji, wanda aka yi wa laƙabi da P-22, yana yawo cikin gidan a daren, shi ake kyautata zaton ya yi aikin. Katangar da aka gina don kada na ciki su fita, ba ta hana na waje shiga ba. Wannan tunanin ne ya haifi ɗayan nan da ke rajistata.

Shin dabbobi suna jin abin da mu ba ma ji?

Ta fuskar ji da gani da sansana, ƙwarai. Ranar 23 ga Agusta 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin 5.8 ta taɓa birnin Washinton. Ma'aikatan gidan zu na ƙasa suka ba da rahoton cewa 'yan daƙiƙu kafin su ji komai, manyan birrai sun watsar da abinci sun haye sama, tsuntsayen filamingo suka dunƙule wuri guda. Wannan yana da bayani: girgizar ƙasa tana aiko da wani ɗan motsi mai sauri kafin babban ya iso, dabba na iya jin na farkon. Sun kuma ce wasu dabbobin lemur sun yi kukan gargaɗi kusan minti 15 kafin nan, wanda na fi ɗauka a matsayin abin da ya zo daidai kawai. Dabbar da ke ihu sau da yawa a rana, dole wata rana ihunta ya faɗo kafin wani abu.

Kai ka yarda akwai aljanu ko fatalwa a irin waɗannan wurare?

Ni mai ba da labari ne, ba mai fatawa ba. Abin da zan iya cewa shi ne mutumin da ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, shi kaɗai, a cikin duhu, ga idanu na bin sa, ba ya buƙatar taimakon kowa kafin ya ga mutum a jikin bishiya.

Hanyar nan da ƙafa ta sassaƙe a cikin keji, me take nufi?

Wannan ce ta fi ci mini rai, don ita ce ba ta da ko ɗigon ƙirƙira. Dabbar da aka tsare a ƙuntataccen wuri takan fara kai da komo a kan layi ɗaya, taku iri ɗaya, juyi a wuri ɗaya, sa'o'i a jere, har ƙasa ta yi kwari. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna abin ya fi tsanani ga maciya nama waɗanda a daji suke cin dogon zango, irin su farin beyar na yankin ƙanƙara. A shekarun 1990 akwai wani irinsa mai suna Gus a gidan zu na Central Park a Niyu Yok da ke yini yana iyo a kan zagaye ɗaya, wani lokaci har sa'o'i 12, sai da aka haɗa masa da maganin damuwa irin na mutane.

Gidajen zu na zamani sun rage wannan da faɗaɗa wuri da ɓoye abinci don dabba ta nema. Tun 1907 Carl Hagenbeck ya buɗe gidansa a Hambag ta Jamus inda ya maye sandunan ƙarfe da ramuka masu faɗi. Amma tsofaffin kejin ba duka aka rushe ba. Tsohon gidan zu na Griffith Park a Los Anjalas, da ya yi aiki daga 1912 zuwa 1966, har yanzu kogunansa na siminti da kejinsa suna nan, mutane na shiga ciki su ɗauki hoto. Duk wanda ya shiga irin wannan keji ya auna taku nawa ne daga bango zuwa bango, ba ya buƙatar a ba shi labarin fatalwa.

An taɓa ba da labarin fatalwar dabba a tarihi?

An taɓa. Hasumiyar Landan ta yi kusan shekara 600 tana ajiye namun dajin sarakunan Ingila. A 1252 sarkin Nowe ya aiko da farin beyar, wanda ake ɗaure wa doguwar igiya ya shiga Kogin Thames ya kama kifi. A 1255 sarkin Faransa ya aiko da giwa. An rufe wurin ajiye dabbobin a 1835, kuma a 1937 masu haƙa suka tono ƙoƙunan kan zakuna a tsohon ramin da ya zagaye hasumiyar. Labarin da ake yawo da shi kuwa shi ne na wani soja mai gadi a 1816, wai ya ga wani ƙaton beyar ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙofa, ya soke shi da wuƙar bindiga ta wuce ta cake a katako, ya faɗi sumamme, bayan kwana biyu ko uku ya mutu. Dabbobin da ƙoƙunan kai tarihi ne. Beyar ɗin sojan kuwa labarin baka ne, a haka nake riƙe da shi.

Me ya kawo yaƙi cikin labarin? Daren da aka harbe dabbobi ya yi nauyi da yawa.

Ya yi nauyi, amma ban kai ga abin da ya faru da gaske ba. A watan Disamba 1870, sojojin Furusiya sun yi wa Faris ƙawanya, yunwa ta kai aka yanka giwaye biyu, Castor da Pollux, aka sayar da namansu. A Satumba 1939, yaƙi na farawa, gidan zu na Landan ya kashe macizai da sauran masu dafi don kada bom ya fasa ɗakinsu su bazu cikin gari. A 1943 hukumomin Tokiyo suka ba da umarnin kashe manyan dabbobin gidan zu na Ueno. Giwayen suka ƙi cin abincin da aka sa wa guba, sai aka bar su da yunwa har suka mutu, kuma an ruwaito cewa suna ta yin wasannin da aka koya musu in sun ga mai kula da su, ko za a ba su lada. A Balin, cikin dabbobi 3,715 da gidan zun ke da su, 91 ne kawai suka ga ƙarshen yaƙin.

Mutanen da aka sa su yi wannan aiki su ne waɗanda suka raini dabbobin da hannunsu. In akwai abin da ke hana tsohon ma'aikacina barci, ba ƙarar da yake ji ba ce, abin da kakansa ya yi a wancan daren ne.

To wane ne a kejin ƙarshe?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma ba zan amsa ta ba. Zan dai faɗi abubuwa biyu da ke raina lokacin da na gina kejin.

Na farko, gidajen zu sun sha zama ɗakin mutuwar jinsi gaba ɗaya. Jakin dawan nan mai rabin zane da ake kira kwaga, ta ƙarshensu ta mutu a gidan zu na Amstadam ranar 12 ga Agusta 1883, kuma a lokacin ba a ma san ita ce ta ƙarshe ba. Wata tantabarar daji ta Amurka, wadda a da garkenta ke rufe rana, ta ƙarshensu mai suna Martha ta mutu a gidan zu na Sinsinati ranar 1 ga Satumba 1914. Dabbar Tasmaniya mai zane a baya, wadda ke kama da kare, na ƙarshen da aka sani ya mutu a gidan zu na Hobart ranar 7 ga Satumba 1936, kuma har yau mutane na rantsuwa sun hango ta a daji.

Na biyu ya fi ɗaci. Ba dabbobi kaɗai aka taɓa sa wa a keji ba. A 1906 aka baje kolin wani mutumin Kwango mai suna Ota Benga a ɗakin birrai na gidan zu na Bronx a Niyu Yok, dubban mutane suka yi ta tururuwar kallo, sai da limaman coci baƙaƙen fata suka tayar da ƙayar baya aka fitar da shi. Bai sake ganin gida ba, ya kashe kansa a 1916. Hagenbeck ɗin nan da na yaba wa ɗazu, shi ma ya yi suna wajen kawo mutane daga ƙasashe masu nisa ana biya ana kallon su. Shi ya sa a labarina shafin rajistar da ke ɗauke da sunan mazaunin kejin a yage yake, kuma kwanon da ake kai abinci yana da cokali.

Irin wannan labari ba zai iya jawo wa gidajen zu na gaske matsala ba?

Zai iya, shi ya sa na ƙi sa suna. Ranar 9 ga Nuwamba 1874 jaridar New York Herald ta cika shafi guda da rahoton cewa namun dajin Central Park sun ɓalle, mutum 49 sun mutu, 200 sun ji rauni. Mutane suka kulle gidaje, wasu suka fito da bindigogi. A sakin layi na ƙarshe ne jaridar ta ce duk ƙirƙira ce, wai don ta ja hankali kan raunin kejin. Ƙalilan ne suka karanta har can. Ni shi ya sa na sa tawa amsar a tambaya ta farko.

Yara za su iya karantawa?

Babu jini, babu batsa. Amma yaron da ke tsoron duhu a bar shi tukuna.

Akwai inda mutum zai ga gidan zu da dare da gaske?

Akwai. Singafo ta buɗe nata na dare a 1994, ana shiga bayan faɗuwar rana, an haska shi da fitilu masu kama da farin wata. Gidajen zu da yawa kuma suna da ɗakin dabbobin dare, inda ake juya musu lokaci, a kunna fitila da dare a kashe da rana, don baƙo ya same su a farke. Ka tsaya minti 10 idonka ya saba, za ka ga abin da kake ɗauka reshe ne yana kallon ka tun ɗazu.

A ƙarshe za a gano gaskiyar kejin?

Abin da zan iya ba ka shi ne inda na tsaya. An kawo sabon manaja, mai son tsimi, ya bi takardun sito ya ga ana fitar da abinci kullum zuwa kejin da babu kowa. Ya kira tsohon ma'aikacin ya ce, baba, daga yau a daina. Tsohon ya ce, ranka ya daɗe, a bar shi yadda aka same shi. Manaja ya sa hannu a takarda, a daren nan ba a kai kwano ba.

Da safe aka zagaya aka yi ƙidaya. A karo na farko tun da aka buɗe rajistar, lissafi ya zo daidai, babu ƙari ko ɗaya. Manaja ya yi murmushi ya rufe littafin. Tsohon bai ce komai ba, ya taka a hankali har bakin babbar ƙofa, ya tsaya yana duban titin da ya shiga cikin gari.